Malam ya cika hamsin, ya sayo jita

Wani malamin makaranta a Agiye ya cika shekara hamsin bana. Sai ya hau mota zuwa Kano, ya dawo da jita mai lantarki da ɗan akwatin ƙara sauti, ya ce kyauta ce ya yi wa kansa. Tun daga ranar, fadar da yake shan shayi ba ta da wani zance. Wasu sun ce tsufa ya zo masa da gardama, wasu sun ce Allah ya shirya.

Ni ina bayansa.

Tukuna ma, kaɗan ne cikin tsararsa suka san ranar da aka haife su. Takardun da yawa “wajejen shekara kaza” aka rubuta musu lokacin ɗaukar ƴan lakkol. Wanda ya iya ƙirga hamsin ɗinsa daidai, a bar shi ya yi murna.

Masu suka suna cewa ɓarnar kuɗi ce. Da aure ya ƙara, ko babur ya sake, ko ya ɗinka shadda ta jikka ɗari, da sambarka zai sha. Abin da ke ci musu rai shi ne kiɗa. A ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi kiɗa gado ne, yana da gidajensa. Makaɗan fadar Sarkin Gobir a Tibiri, cikin Gidan Rumji, suna da matsayinsu ranar salla, kowa na son jin su, amma wane dattijo ne zai so a ga ɗansa rataye da kalangu? Muna son kiɗa, muna raina makaɗi. Hukuncin addini kuwa na bar wa malamai, sai dai na lura wayoyin masu wa'azin fadar shayin cike suke da waƙoƙin finafinan Kano.

Ga shi kuwa jita ce ta kai sunan Nijar inda jakadu ba su kai shi ba. Bombino na Agadas shi ne ɗan ƙasar nan na farko da ya shiga jerin masu neman kyautar Grammy a Amurka, da faifansa Deran na 2018. Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko, domin a gidansu ba a son kiɗa. Almeida, jagoran ƙungiyar kiɗa ta Tal National a Yamai, ya yi alƙalanci a kotu, kuma riƙon jita bai rage masa daraja a kan kujerar shari'a ba. In alƙali ya iya, malamin makaranta fa?

Da masu suka wuta suka kawo a matsayin hujja, da na saurare su. Jita mai lantarki ba wuta, mai ita kaɗai ke jin ta. Layin da ke ciyar da yankinmu daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta datse shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ƙauyuka da dama ma ba su taɓa ganin turken kamfanin wuta na Nigelec ba. Malam ya sa faifan hasken rana da batir cikin lissafinsa, ya kuma rage sauti in maƙwabta sun kwanta.

Sharaɗina ɗaya ne: kada kuɗin jita ya fito daga rumbu. Mai iyali da ya sayi kayan kiɗa a tsakiyar damina, hatsi na tsada, yara na jiran tuwo, ba ruwana da kare shi. Malam dai bayan kaka ya saya, da ajiyar kansa.

Mai karatu a Gazawa ko Gidan Rumji, in kai ma ka daɗe kana ɓoye irin wannan buri don tsoron bakin fada, ka cika rumbu, ka biya kuɗin karatun yara, ka nemi wanda zai koya maka, sannan ka je ka sayo abinka.