A SOKE HARAJIN ALBASHI, A KAI SHI BAKIN TUKUNYA? BA MU YARDA BA



Akwai wata magana da ake jin ta a fada da zaurukan WhatsApp, mai daɗin ji a kunne: wai a soke harajin da ake cira daga albashi da ribar kamfanoni, a bar haraji guda ɗaya tak, wanda kowa zai biya in ya je sayen kaya. Wai ta haka ba mai tsira, ba mai ɓoyewa, kowa daidai. Ni dai na ce a'a, kuma ga dalilaina.

Mu fara da inda maganar ta fito. Ba a nan aka haife ta ba, 'yar Amurka ce. Can suna ce mata FairTax, wato wai harajin adalci. Wani ɗan majalisa daga jihar Jojiya, John Linder, ya fara kai ta gaban majalisar wakilai a 1999. A 2005 shi da wani mai gabatar da shirye-shiryen rediyo, Neal Boortz, suka rubuta littafi a kanta, ya samu kasuwa sosai. Mike Huckabee ya yi yaƙin neman takarar shugaban ƙasa da ita a 2008. A watan Janairun 2023 wani ɗan majalisar, Buddy Carter, shi ma daga Jojiya, ya sake ɗauko ta. Abin da suke so shi ne a share harajin kuɗin shiga na mutane, da na kamfanoni, da na gado, a rufe hukumar haraji ta IRS gaba ɗaya, a sa kashi 23 cikin ɗari a kan sabbin kaya da ayyukan da mutum ya biya, har da kuɗin haya da na likita. Sama da shekara ashirin ke nan ana kai ta ana dawowa da ita, har yau ba ta zama doka ba.

To, wayon farko yana cikin wannan 23 ɗin. Mu yi lissafin da sefa don kowa ya gane. Kayan jika 10, sai a ce ka ba da jika 13. Ni da kai da mai tebur duk mun san an ɗora mana jika 3 bisa jika 10, kashi 30 ke nan. Su kuwa sai su ce jika 3 cikin jika 13 ai kashi 23 ne. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma an juya shi ne don lambar ta yi ƙanƙanta a ido. Da irin ma'aunin da muke auna TVA tamu ta kashi 19, nasu 30 ne cif. Shawarar da sai an rage mata kaifi tun a bakin ƙofa, me za mu tarar a cikin ɗaki? Kwamitin da shugaba George Bush ɗa ya naɗa a 2005 don gyaran haraji ya duba wannan hanya ya ƙi ta. Ya ce in ana son a cike gurbin harajin kuɗin shiga, sai an kai aƙalla kashi 34.

Yanzu mu zo kan babbar magana: wa zai ɗauki kayan? Ga misali. Mai kabu-kabu yana samun jika 60 a wata. Nawa yake ajiyewa? Ko dala. Shinkafa, mai, sabulu, sukari, magani, haya, kafin wata ya mutu kuɗin sun mutu. Tunda duk abin da ya samu sai ya bi ta kasuwa, harajin zai taɓa kowace tamma tasa, kusan jika 14 su tafi, kashi 23 na guminsa. Ga kuma wani mai samun miliyan 5 a wata. Ko da ya yi bushasha ya kashe miliyan 1, harajinsa jika 230 ne, bai kai kashi 5 cikin ɗari na abin da ya samu ba. Sauran miliyan 4 suna banki, ko an sayi fili, ko sun tafi Dubai. Ciki ɗaya gare shi kamar kowa, ba zai ci buhu goma don yana da kuɗi ba. Wannan shi ake kira kowa daidai? Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Harajin kuɗin shiga, duk da aibinsa, yana hawa ne mataki-mataki. A Amurka yana farawa daga kashi 10 ya kai 37. Nan gida ma ITS da ake cira daga albashi haka yake: mai ƙaramin albashi a cire masa kaɗan, mai babba a cire masa da yawa. Harajin sayen kaya kuwa makaho ne. Bai san bazawara ba, bai san minista ba, sandar sabulu kawai yake gani.

Masu wannan shawara sun san da wannan rami, shi ya sa suka zo da faci. Suka ce gwamnati za ta riƙa aika wa kowane gida wasu kuɗi duk wata, don ta mayar masa da harajin abin masarufi. A Amurka ma, inda kowa ke da lamba da adireshi, kwamitin nan na 2005 ya ce wannan zai zama shirin rabon kuɗi mafi girma a tarihin ƙasar. To ku kawo shi nan. Wa zai ƙirga gidajen Dakwaro da Tanut da Abalak duk wata? Makiyayin da yau yana nan, gobe ya bi ruwa da ciyawa, a wane asusu za a zuba masa? Harajin dai za a karɓe shi nan take, ranar da ka sayi kaya. Kuɗin da za a mayar maka kuwa, sai ka bi layi, sai ka san wani.

Kuma dan Allah kar wani ya ce ba mu taɓa ɗanɗana ba. Mun ɗanɗana. A farkon 2005, zamanin shugaba Tanja Mamadu da firaminista Hama Amadu, dokar kasafin kuɗi ta ɗora TVA ta kashi 19 a kan madara, garin alkama, sukari, ruwan fanfo da wutar lantarki. Cikin watan Maris jama'a suka cika titunan Yamai, aka rufe kasuwanni da shaguna, garuruwa suka yi tsit. Aka kama jagororin gamayyar yaƙi da tsadar rayuwa, cikinsu har da Nuhu Arzika da Musa Cangari. A watan Afrilu gwamnati ta ja da baya, ta cire harajin daga madara da garin alkama, ta sassauta wa masu ƙaramin amfani da ruwa da wuta. Kuma ku tuna wace shekara ce: shekarar da yunwa ta cika cibiyoyin tamowa na Maraɗi da yara. Wancan kashi 19 ne a kan kaya 'yan kaɗan, ƙasa ta girgiza. Ina ga kashi 30 a kan komai? Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Wasu za su ce ai ga Saudiyya, ba a cirar haraji daga albashi, kuma ƙasa tana tafiya. Man fetur ne ke tafiyar da ita. Kuma ku duba abin da ya faru: sun shigo da harajin sayen kaya na kashi 5 a 2018, da kuɗin mai suka faɗi a 2020 sai suka ninka shi uku, ya koma 15. Alhazanmu sun ji a aljihunsu. In hanya ɗaya ce kawai ta rage wa gwamnati ta samun kuɗi, duk ranar da baitulmali ya yi ƙasa, farashin kaya za ta taɓa.

Sai batun karɓa. Tsarin na Amurka ya ce a karɓi harajin a hannun mai sayarwa na ƙarshe. Mai sayarwa na ƙarshe a nan shi ne mai tebur, da mai shago na lungu, da yarinyar da ke talla. Wa ke ba ka takardar shaida in ka sayi tiyar hatsi? Abu biyu ne zai faru. Ko dai a kasa karɓa, albashin malamai da maganin likita su tsaya, ko kuma a karɓe shi tun daga duwan da hannun manyan dillalai, ya gangaro cikin farashi ya sauka kan mai sayen sukarin dala ashirin. Ga kuma iyaka da Najeriya, inda irin wannan haraji yake kashi 7.5 tun 2020. Daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, tafiyar babur ce. Ɗan kasuwar da ke biyan haƙƙinsa zai rufe shago, ɗan sumoga ya gina bene.

Ban ce ma'aikata ba su da gaskiya a kukansu ba. Suna da ita. Malamin makaranta da ma'aikaciyar likita ana cire musu tun kafin kuɗin su shigo hannu, alhali wani mai tireloli da gidajen haya jere bai san ƙofar ofishin haraji ba. Wannan zalunci ne. Amma maganinsa a je a ƙwanƙwasa ƙofar mai tirelolin. A ƙirga gidajen haya da filaye, a binciki rangwamen harajin da ake yi wa manyan kamfanoni a gaya wa 'yan ƙasa nawa ne, a tilasta wa manyan shaguna ba da takardar ciniki ta gaskiya. Malam, in aka soke maka ITS, ka lissafa da kyau: abin da aka daina cire maka a takardar albashi za ka biya shi a kasuwa, kai da mahaifiyarka ta ƙauye wadda ba ta taɓa karɓar albashi ba. Ita ba a yafe mata komai ba, ƙari kawai aka yi mata. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Kakanninmu sun san harajin kowa daidai. Shi ne kuɗin kai na zamanin Faransa, wanda ake ƙirga kawuna ba a duba rumbu, har wasu suka bar gonakinsu suka tsallaka iyaka. Sauya masa suna da kawo shi daga Amurka ba zai sa mu manta kamanninsa ba.

Saboda haka duk wanda ya zo muku da wannan magana, ɗan siyasa ne ko masani, ku yi masa tambaya ɗaya: bayan an yi gyaran, wa zai biya fiye da na yau, wa zai biya ƙasa da na yau? Ku ce ya ba ku lamba. In ya fara kewaye-kewaye, kun samu amsa.

Ku rubuto ra'ayinku a ƙasa, har waɗanda ba su yarda da ni ba. Mai lissafin da ya fi nawa ya kawo shi, mu baje a faifai. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.