RA'AYINMU: A Sayi Baro Kafin A Sayi Kofi

Kowace shekara, da zarar ruwa ya ɗauke, samarin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sukan fito da takardar neman gudummawa, suna bin 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai. Wanda ya duba takardar zai ga bukatunsu ba su wuce rigunan wasa da ƙwallo da kuɗin mota ba. Masu neman kujera kuwa, in lokacinsu ya zo, kofi suke sawa a yi gasa da sunansu. Da wuya a ji wanda ya ce a sayi baro da shebur. Mu dai a ganinmu an bar jaki ana dukan taiki, domin filin da za a sa rigar a shiga shi ne ya fi kome bukatar taimako.

Cikakken filin ƙwallo yakan kai mita 105 a tsawo, 68 a faɗi, watau fiye da murabba'in mita 7,000. A ƙasarmu yawancin filayen nan na ƙasa ne, ba na shukakkiyar ciyawa ba. Tsakanin Yuni da Satumba ruwa yakan wanke ƙasar sama, ya bar tsakuwa, ya yanka ƙananan kwazazzabai. Ƙarangiya da tsidau su cika gefe, gara ta cinye turakun raga, dabbobi su tattake wurin yana danye, ya bushe da ramuka. Yaron da ya gurɗe ƙafa a irin wannan rami, ko kwalba ta yanke shi, iyayensa ne za su biya kuɗin magani, kuma sau da yawa daga ranar an hana shi wasa ke nan.

Kayan da za su magance wannan ba masu wuyar samu ba ne: baro, shebur, diga, manjagara, lauje, adda, igiyar awo, da farar ƙasa ta zana layi. Abin daddale ƙasa ma ba sai an aika Kano ba, masu walda na gari suna iya haɗa shi da ganga da siminti. Muna jan kunnen ƙungiyoyi kada ɗoki ya sa su fara da injin yankan ciyawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kowa ya san abin da lita take ci, ga kuma wahalar kayan gyara. Injin da ya mutu a wata na uku ya zama kayan ado, amma shebur yakan yi shekaru yana aiki.

Wani zai ce, ana fama da 'yan bindiga, wa yake ta filin wasa? Ba mu raina wannan magana ba. Mun ga yadda aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a Jihar Zamfara a 2021, mun kuma san gonakin da ba a iya nomawa. To, ai wannan ne ya sa garuruwan suka cika da samari marasa abin yi, har da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Filin ƙwallo yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan gari da baƙo za su haɗu da la'asar, a yi gumi, a bi dokar alƙalin wasa, a rabu lafiya. Har ila yau, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Filin da aka bari ya zama juji, yau a kafa rumfa a gefensa, gobe a ce ai ba kowa a kai, jibi a yanka shi fuloti. Wanda ake sharewa ana zana wa layi kuwa, kowa ya san yana da masu shi.

Gaskiya ne gyaran filaye yana cikin haƙƙin da ya rataya a kan ƙananan hukumomi, kuma lalle a ci gaba da tuna musu. Amma tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996, hankalin masu kula da wasanni ya fi karkata ga Gusau, kuma damina ba ta jiran kasafin kuɗi. Iyayenmu da gayya suke gyara hanya da makabarta, ba su jira takarda daga ofis ba.

Saboda haka muna ba da shawara kowace ƙungiya ta buɗe asusu na musamman domin kayan gyara, dabam da na riguna. A rubuta kayan da za a saya da farashinsu kafin a karɓi ko kwabo. Ma'aji ya ba da rasiɗi, a karanta lissafi a gaban jama'a, a kuma sa wani dattijon unguwa ya zama shaida. Kayan a yi musu alama, a ajiye su a ɗaki mai kwaɗo, da littafin da mai ɗauka zai sa hannu. Abin da ya kashe gidauniyoyi da yawa shi ne a tara kuɗi a yi shiru, ko baro ya tafi aikin ginin wani bai dawo ba.

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, wannan aiki namu ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Ƙauran Namoda tun 1983, ɗalibanta masu koyon aikin injiniya suna iya auna gangaren fili, su nuna inda za a haƙa magudanar ruwa. Mai karatun lissafin kuɗi ya riƙe littafi. Mai albashi ya ɗauki nauyin shebur ɗaya a ƙarshen wata. Wanda ba shi da ko ɗaya ya ba da safiyar Asabar ɗinsa lokacin hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In takarda ta zo muku bana, ku tambaya ko akwai baro a ciki, in babu ku ce a sa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.