Raddi Ga Masu Auna Sifika Da Tsayi

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne dariyar da wasu abokaina na nan Agege suka yi mini a makon jiya, wai don na kwashi kuɗin da na yi wata shida ina tarawa, na tafi kasuwar Alaba da ke Ojo, na dawo da wasu ƙananan sifiku guda biyu na hannu, 'yan Ingila, waɗanda tsayinsu bai wuce kamu ɗaya ba. Ɗaya daga cikinsu har cewa ya yi an sayar mini da akwatin ajiye sabulu, alhali da wannan kuɗi zan iya samun sabon dogo mai fitilu wanda aka rubuta wat 5,000 a kwalinsa.

To, malam, mu fara da wannan wat 5,000 ɗin. Ni ma na taɓa sayen irinsa. Ƙaramin janaretan nan namu da ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, shi ke ɗaukar dogon sifikar, da fanka, da talabijin, duk a lokaci guda. Don Allah daga ina sauran wat 4,000 ɗin suke fitowa? Idan ka duba kusa da lambar za ka ga an rubuta PMPO, wanda ba wani ma'auni ba ne da kowa ya yarda da shi, kowane kamfani rubuta abin da ya ga dama yake yi. Wanda ake kamawa shi ne RMS. Juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ci, a nan ƙarya take ƙarewa, domin ba ta yadda za ta fitar da abin da ba ta ci ba.

Mahaifina albasa yake sayarwa a Mile 12, kuma tun ina yaro ya koya mini cewa ba a sayen buhu saboda manyan da aka jera a baki, sai an cusa hannu ƙasa. Dogon da na saya a baya, da ya lalace na kwance shi, sai na tarar katakonsa kamar kwali, rabin akwatin iska ce kawai, kuma ɗaya daga cikin bakunan nan uku da nake alfahari da su ko waya ba a haɗa masa ba, ado ne.

Ku da kuke raina ƙarami, ku sani cewa a shekarun 1970 injiniyoyin BBC suka ƙera wata sifika mai suna LS3/5A, tsayinta kusan santimita 30, domin sauraren murya a cikin motocinsu na ɗaukar shiri inda babu fili. Har gobe ana ƙera ta, kuma tsofaffinta tsada suke yi. Ba wai ita na samu ba, aljihuna bai kai ba. Amma darasin shi ne, ƙaramin ɗaki ƙaramar sifika mai kyau yake so. Mu nawa ne a nan Ikko muke da falo? Yawancinmu ɗaki ɗaya ne a gidan haya. Da na sa Ɗan Maraya Jos, na ji kuntigi daban, murya daban. Da na sa Shata, na ji kalangu yana magana, na ji 'yan amshi a bayansa. A kan dogon nan kuwa, gudum-gudum kawai kake ji kamar ana daka a maƙwabta.

Ba zan ɓoye muku ba, ƙaramar sifika ba ta da dukan ƙirji irin na babba, kuma ba za ta yi maka biki ko taro ba. Sannan kayan hannu ba duka ne na kirki ba, akwai masu cire kayan cikin na asali su sa na banza su bar maka suna a jiki. Saboda haka idan ka ga KEF, ko Tannoy, ko Wharfedale, ko Mission, kada sunan ya ruɗe ka. Cire ragar gaba ka duba zoben da ya kewaye bakin: in soso ne, yakan ruɓe idan ya tsufa, balle a zafi da damshin Ikko, na roba ya fi daɗewa. Danna bakin a hankali da yatsu, in ka ji yana gogar wani abu, koyil ya tafi. Kara kunne a ƙaramin bakin na sama, domin shi ya fi saurin ƙonewa. Duba kusoshin ko an taɓa kwance su, ka tabbata biyun iri ɗaya ne. Ka je da waƙar da ka sani, ka sa a rage ƙara, domin mai shago yakan ƙure murya ne don ɓoye aibi. Idan kuma za ka haɗa da amfilifaya, ka kula: na Japan wutar 100 yake sha, na Amurka 120, tamu kuwa 230 ce, ka jona kai tsaye ka ji ƙauri.

Magana ta ƙarshe ita ce ta zaman tare. Mu baƙi ne a nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu da Bayerabe ko Ibo, kuma duk abin da ɗayanmu ya yi, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne. Lokacin da nake da dogon nan, sau biyu mai gida yana kai ƙarata wajen Baba, har ta kai ana maganar ba mu notis. Yanzu kuwa ina jin waƙata da dare, mai jego a ɗakin kusa tana barcinta.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a harkar sifika ji ne ya kori gani. Duk wanda bai yarda ba, ƙofata a buɗe take, ya zo da waƙarsa, shayi a kaina.