Jami'ar da Ba ta Neman Riba, da Digirin da Sansanin Mango Ke Jira

A ƙarshen Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga labarin da ya kunyata ƙasashe uku lokaci guda. Wakilinta Umar Audu ya samo takardar digirin aikin jarida daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai zauna aji ba, bai rubuta jarrabawa ba, kuma da wannan takarda aka karɓe shi a shirin yi wa ƙasa hidima. Ranar 2 ga Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Nijeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo baki ɗaya. A watan Agusta na wannan shekara Ministan Ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya bayyana cewa jami'o'i biyar kawai aka amince da su a Benin, uku a Togo: Jami'ar Lome, Jami'ar Kara, da Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da UCAO.

Tun daga ranar nan kalmar "digirin Togo" ta zama zagi a bakin mutane, aka yi wa dukkan jami'o'i masu zaman kansu kuɗin goro, aka ce shaguna ne da ke sayar da takarda. Wanda ya duba sunayen nan uku da kyau zai ga wannan hukunci bai tsaya daidai ba. Biyu na gwamnati ne, ta ukun kuwa mai zaman kanta ce, limaman cocin Katolika na yankin ne suka kafa ta a 2000, tana da rassa a Abijan, Kwatano, Bamako, Bobo-Dioulasso, Lome da wasu biranen. Abin da ya raba ta da shagunan takarda shi ne ba a kafa ta don wani ya kwashe ribar ƙarshen shekara ya sa a aljihu ba. Wannan matsayi abin girmamawa ne, amma yana da farashi, kuma farashin ne ake yawan mantawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jami'ar da ta ce ba ta neman riba ta ɗauki alkawarin yin abin da kasuwa ba za ta yi ba, kuma wurin da ake gane ko ta cika alkawarin shi ne jerin digirorin da take bayarwa. Idan jerinta bai bambanta da na mai neman riba ba, to sunan ya zama ado a kan allon ƙofa.

Togo, kamar sauran ƙasashen da ke karatu da Faransanci, tana bin tsari mai hawa uku: digirin farko shekara uku, digiri na biyu shekara biyu, digirin digirgir aƙalla shekara uku, kuma hukumar CAMES da aka kafa a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, ita ce ke duba ingancin takardun a tsakanin ƙasashen. A cikin wannan tsari, abin da jami'o'i masu zaman kansu suka fi cika shi da shi sananne ne: ilimin kwamfuta, shari'a, tattalin arziki, gudanarwa, sadarwa. Babu laifi a koyar da waɗannan, ƙasa na bukatarsu, iyaye kuma suna biya da zuciya ɗaya. Laifin yana ga tsayawa a nan, da kuma cunkushewa a Lome a bakin teku, kamar dai ƙasar ta ƙare a inda hayaƙin tashar jiragen ruwa ya ƙare. Jami'ar Lome ta fara a 1970. Sai a 2004 Jami'ar Kara ta buɗe ƙofarta, ita ce ta matso da karatun jami'a zuwa arewa. Daga Kara zuwa iyakar Burkina Faso akwai sauran tafiya mai tsawo, kuma a kan wannan hanya, fiye da kilomita 500 daga Lome, garin Mango yake zaune a bakin kogin Oti.

Ɗalibin Hausa ya kamata ya tsaya a kan sunan garin kafin komai. A taswira ana rubuta shi Sansanne-Mango, kuma kalmar farko ba wata ba ce illa "sansani" ta Hausa, wato inda mayaƙa ke yada zango. Mutanen garin, Anufo, waɗanda maƙwabta ke kira Cakosi, sun taso ne daga yankin Ano a ƙasar Kwaddibuwa ta yau a ƙarni na 18, suka yi aikin yaƙi a ƙasashen Gwanja da Mamfurusi, sannan suka kafa mazauninsu a nan. Su da kansu N'zara suke ce wa garin. Sunan da ya shiga taswirar duniya kuwa na fatake ne, domin Mango na kan ɗaya daga manyan hanyoyin da ayarin Hausawa ke bi daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga, a kai kanwa da tufafi da fatu, a dawo da goro. Madugu da jagaba sun san ƙofofin garin kamar na gidajensu. Haka abin yake a Sokode, inda unguwar Didaure ta taso a matsayin mazaunin baƙi 'yan kasuwa Musulmi a tsakiyar ƙasar Tem, mutanen da aka fi sani da Kotokoli, sunan da ke yawo a bakin 'yan zango har Akara da Legas. A Dapaong kuwa, a ƙasar Moba da Gurmawa, mai shiga kasuwar dabbobi ko layin mahauta ba zai daɗe bai ji Hausa ba. Mahdi Adamu ya bi sawun wannan yaɗuwa a littafinsa na 1978 kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, Paul Lovejoy kuma ya rubuta tarihin ayarin goro a 1980.

Abin takaici ya fi fitowa fili a labarin mutum ɗaya. Alhaji Umaru, wanda ake kira Imam Umaru na Kete-Krachi, an haife shi a Kano wajen 1858, ya bi wannan hanya ta fatauci zuwa Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. A lokacin Kete-Krachi tana cikin Togon Jamus, ƙasa ɗaya da Mango, kafin rabon da ya biyo bayan yaƙin duniya na farko ya jefa ta ɓangaren Ingila, wato Gana ta yau. A can ne jami'in Jamus Adam Mischlich ya zauna gabansa ya koyi harshe, ya tara rubuce-rubucensa na ajami kan tarihi da sana'o'i da zaman jama'ar Hausa, ya kuma fitar da ƙamusun Hausa da Jamusanci a Berlin a 1906. Su waye suka ci digiri da wannan gado? Douglas Ferguson ya yi digirin digirgir a kansa a Los Angeles a 1973. Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw ya shafe shekaru yana nazarinsa, ya buga rubutun zuben Alhaji Umaru a 2000. Babu wanda zai ji haushin waɗannan malamai, da ba su yi ba da gara ta yi. Amma yaron zangon Mango da ya gama sakandare yau, idan yana son ya karanci harshen da kakansa ya yi ciniki da wa'azi da shi har matakin digiri, hanyar da aka sani ita ce ta Kano ko Zariya ko Sakkwato, inda sai ya fara da koyon Ingilishi, ko kuma ta makarantar INALCO a Paris, inda sai ya fara da neman biza. Gyaran ilimin da Togo ta yi a 1975 ya zaɓi Ewe da Kabiye su shiga makaranta, sauran harsuna suka tsaya a bakin ƙofa.

Aikin da ke jira ba ƙarami ba ne. Masana sun nuna cewa Hausar zangunan Gana ta saki bambancin jinsi a nahawu, "ya" na tsayawa wurin "ta", kuma baƙaƙe masu ƙugiya suna narkewa cikin 'yan'uwansu marasa ƙugiya. Ina Hausar Mango ta tsaya tsakanin wannan da karin harshen yamma na Sakkwato da Kabi da Dogondutsi? Waɗanne kalmomi ta ara daga Anufo da Tem da Faransanci, waɗanne kuma ta ba su? Me ke cikin gafakar limaman Didaure? Kowace tambaya a nan kundin digiri na biyu ce cikakkiya, kuma kayan aikinta na'urar ɗaukar murya ne, da kyamara, da kuɗin mota, da malami mai duba aiki. Ba ta bukatar ɗakin gwaje-gwaje na miliyoyin sefa.

Masu kare halin da ake ciki suna da hujjoji, kuma ta farko ita ce kuɗi. Suna cewa jami'a mai zaman kanta da kuɗin makaranta take rayuwa, ko da ba ta neman riba ba ta neman asara, kuma babu uban da zai biya don ɗansa ya karanta Hausa. Rabin maganar gaskiya ne. Sai dai ma'anar rashin neman riba ita ce rarar da sashen kwamfuta da na shari'a suka samar ba ta fita waje, tana komawa cikin jami'a, kuma shugabanni ne ke zaɓar inda za ta je. Tana iya zama sabon gini mai gilashi, tana iya zama albashin malaman harshe uku da tallafin ɗalibai goma. Zaɓi ne, ba ƙaddara ba. Ɗaya rabin kuma ƙarya ce da aka maimaita har ta yi kama da gaskiya. BBC na watsa shirye-shirye da Hausa tun 1957, RFI ta buɗe sashenta na Hausa a 2007, Muryar Amurka da Deutsche Welle kuma sun buɗe nasu a tsakani. Matashin da ya haɗa Faransanci mai kyau da Hausa ta boko da ajami, ya kuma iya Anufo ko Moba, abin nema ne a gidan rediyo, a kotu, a asibiti, a duk hukumar da ke son talaka ya fahimci abin da take faɗa. Masu digirin gudanarwa da ke yawo da takardu a titunan Lome sun fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ta cancanci a saurare ta. Hausa ba harshen 'yan ƙasa ba ne a Mango, harshen baƙi ne, kuma Anufo da Moba da Tem sun fi ta bukatar agaji, tunda ita tana da miliyoyin masu magana da jami'o'i a Nijeriya da Nijar. Haka ne. Saboda haka abin da ya dace a buɗe shi ne sashen harsuna da tarihin arewacin Togo, Hausa na ɗaya daga cikinsu. Amma wanda zai rubuta tarihin Anufo ko na Tem ba tare da Hausa da Larabci ba zai tarar rabin shaidunsa a rufe suke, domin da waɗannan biyun malaman zango suka riƙa rubutu tun kafin Bajamushe ya kafa barikinsa a Mango a ƙarshen ƙarni na 19. Akwai kuma masu raɗa cewa jami'ar coci ba ta da haɗi da harshen da aka san shi da Musulunci. Tarihi bai goyi bayansu ba. J. F. Schön, wanda ya buga nahawun Hausa a 1862, ɗan mishan ne. G. P. Bargery, mai babban ƙamusun 1934, ta mishan ya shigo ƙasar Hausa. Mischlich kansa da mishan ɗin Basel ya fara.

Duk da haka ba adalci ba ne a ɗora wa limaman coci nauyin da masu shi suka ajiye. Mafi girman kaso na zargin yana kan attajiran zango da na ƙasar Hausa, jikokin fataken da suka yi arziki a kan wannan hanya, waɗanda yau manyan motocinsu ke bin ta daga tashar Lome zuwa Cinkasse, su wuce Wagadugu da Yamai. Sun san wakafi sarai. Suna gina masallatai, suna haƙa rijiyoyi, suna biyan kujerun hajji, Allah ya saka musu. Abin da ba su saba ba shi ne wakafin kujerar malami, wato a ajiye dukiyar da amfaninta zai riƙa biyan mai bincike shekara bayan shekara. Mutanen Katsina sun nuna ana iyawa, lokacin da wata gidauniyar Musulunci ta jihar ta kafa jami'ar da ake kira Al-Qalam a 2005 ba tare da jiran gwamnati ba. A arewacin Togo ba sai an fara da jami'a guda ba. Cibiya ɗaya a Mango ko Sokode, da yarjejeniya da Jami'ar Kara don a ba da takardar da CAMES za ta yarda da ita, da wata da Jami'ar Bayero ko ta Abdou Moumouni don a samu masu duba kundaye, ta isa a fara digiri na biyu. Ɗaliban Nijeriya da ke tsallaka iyaka don neman digirin gaggawa za su sami dalilin tsallakawa da ba za su ɓoye ba idan sun dawo gida.

A watan Yunin 2022 aka sanya yankin Savanes, wanda Mango da Dapaong ke cikinsa, ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren da ke kwararowa daga iyakar Burkina Faso, kuma ƙauyuka da dama a wajen Kpendjal sun watse. Mutanen da ke gudu da dare ba sa ɗaukar gafaka, sai yara da ɗan hatsi. Dattawan da suka ji labarin ayari daga bakin waɗanda suka bi shi da ƙafa sun haura tamanin, kuma kowace damina adadinsu raguwa yake yi.