Sharhi: Sababbin Kamfanonin Wufa Da Batun Gaskiyar Lambar Wat

Duk wanda ya zaga kasuwar Alaba da ke Ojo a Jihar Legas, ko layin 'yan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano, zai lura da yadda sababbin sunaye suka cika kantunan masu sayar da wufa, wato lasifikar nan mai fitar da amo mai kauri a cikin mota da falon gida. A da, sunaye kaɗan ne suka riƙe wannan ciniki, irin su Pioneer da Sony da Kenwood da JBL. A yau kuwa kusan kowace kwantena da ta iso daga lardin Guangdong na ƙasar Sin tana tafe da tambarin da ba a taɓa ji ba.

Dalilai biyu ne suka buɗe wannan ƙofa. Na farko, tsofaffin kamfanonin sun sha sauye-sauye: JVC da Kenwood sun haɗe a 2008, Pioneer ya sayar wa Onkyo sashensa na kayan sautin gida a 2015, Samsung ya saye Harman mai JBL a 2017 a kan kimanin dala biliyan 8, shi kuma Onkyo ya durƙushe a 2022. Na biyu shi ne faɗuwar darajar Naira. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kan Naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati, amma a cikin 2024 ta zarce Naira 1,500. Mai saye da kaya masu suna suka fi ƙarfin aljihunsa dole ya nemi mai rahusa.

Ko shakka babu, gasa alheri ce ga kasuwa, kuma ba kowane baƙon suna ne jabu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne lambar wat da ake bugawa a jikin kwali. Ma'auni na gaskiya shi ne wanda ake kira RMS, domin yana nuna ƙarfin da na'ura za ta iya ɗauka ko fitarwa a kai a kai ba tare da ta ƙone ba. Amma da yawa daga cikin sababbin kayan suna ɗauke da PMPO ne, lambar da ba ta da wata ƙa'ida da aka amince da ita, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Tun a 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a bayyana ƙarfin amfilifaya saboda irin wannan ruɗi.

Ɗan kasuwa na iya gano gaskiya da ɗan lissafi. Wutar mota tana kan kimanin bolt 14 idan inji na aiki. Amfilifayar da fis ɗinta ke da lamba 30 ba za ta iya jan abin da ya haura kimanin wat 420 a kai a kai ba, kuma wani kaso na wannan yana tafiya a zafi. Idan kwalinta ya ce wat 5,000, to ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin lura a nan shi ne, ɗan kasuwa ne ke biyan kuɗin wannan ƙarya. Idan wufa ta ƙone bayan wata biyu, mai saye bai san masana'antar da ta ƙera ta ba, kantin da ya biya kuɗi ya sani. Sau da yawa babu garanti, babu kayan gyara, kuma kafin a koma saro wani kaya tambarin ya ɓace, wani ya maye gurbinsa. Dillalin da ya tura irin wannan kaya Kaduna ko Jos bisa amana, sunansa ne zai zube a wurin abokan hulɗar da ya yi shekaru yana tarawa.

Wasu na cewa mai saye ne ke son lamba mai yawa, kuma wanda ya rubuta gaskiya zai rasa ciniki. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ribar ta kwana kaɗan ce. Direbobin haya da masu shagunan haɗa sauti a mota suna magana da juna, labarin kayan da ke jure aiki ba ya ɓuya.

Saboda haka ya kamata masu shigo da kaya su gindaya sharuɗɗa uku kafin su karɓi wakilcin kowane sabon kamfani: a rubuta RMS a fili, a ba da garanti a rubuce, a kuma haɗo kayan gyara da kowace kwantena. Hukumar SON, wadda ta soma aiki da tsarin SONCAP a 2005 domin tantance kayan da ake shigowa da su, da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, suna da hurumin sa ido a kan rubutun da ke jikin kwali. Amma ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun fi kowa kusa da matsalar, kuma idan suka ƙi karɓar kayan da ba a bayyana ƙarfinsu na gaskiya ba, masana'antun za su gyara da kansu.