Motar da ke rikiɗa ta zama mutum

Bayan kaka na kai ziyara Rumbu, cikin ƙasar Dakwaro, inda na tarar da yara sun yi cincirindo a kan wani abin wasa. Kan tirela ne, ja da shuɗi. In an lanƙwasa nan, an jawo can, sai ya miƙe tsaye ya zama mutum-mutumi. Uban yaron, ƙanena, ya ce a tulin gwanjo ya tsince shi a Maraɗi, dala ɗari biyu. Sai na yi shiru, don na san abin da mai gwanjon bai sani ba.

Asalin waɗannan kaya ƙasar Japan ne. Kamfanin Takara ya fito da su a 1980 da sunan Diaclone, sa'an nan Hasbro na Amurka ya ɗauke su a 1984 ya raɗa musu Transformers. Wannan jar tirela ita ce shugabansu: Optimus Prime a Amurka, Convoy a Japan. Yaran da suka yi wasa da su a wancan zamani yau magidanta ne masu albashi, kuma su ne ke farautarsu. Ganin haka Takara ya buɗe jerin Masterpiece a 2003, musamman don manya. A 2019 Hasbro ya sa wa wani ƙato mai suna Unicron kuɗi dalar Amurka 575, wato sama da jika 300, mutane dubbai kuwa suka biya tun kafin a ƙera shi. Ma'aikacinmu ya lissafa wata nawa ke nan.

To, ga inda zancen ya shafi ƴan kasuwa. Masu tara waɗannan kaya cikarsu suke saye. Kwalin asali, takardar bayani, bindiga, ƴar motar da ke kwana cikin tirela, kowanne da kuɗinsa daban. Optimus na 1984 dunƙulen hannuwansa cirewa ake yi kafin ya koma mota, su ne kuma suka fi saurin ɓata. Har akwai masu sayar da hannu ɗaya tak. Mu kuwa, da an kwance dila, kwali ne farkon abin da ake yagewa, ƙananan tarkacen a share su da tsintsiya. Ɗan kasuwar da ke gane shadda da taɓi ɗaya, a nan ido rufe yake ciniki.

Kada a ce na ce kowace roba dukiya ce. Mafi yawan waɗanda ke cika kasuwa gabanin salla jabu ne, marasa nauyi, ba su kai wa mako. Na farkon suna da ƙarfe a jiki, da tayoyin roba mai laushi, da sunan kamfani da shekara a sassaƙe. Masu jabu ma sun koyi kwaikwayon tambarin, sai a haɗa da nauyi a hannu.

Na karɓi na Rumbu na juya shi. Yana da nauyi, ga kuma sunan Takara. Amma babu tirelar baya, babu bindiga, babu hannu ko ɗaya. Yaran dai ba su damu ba. Waɗannan da suka saba ƙera mota da karan dawa da gwangwanin tumatir sun riga sun gina masa hannuwa na yumɓu, sun ɗaura masa amalanke a baya yana jigilar gero.