Haramcin Giya Ba Izinin Rubuta Shirme Ba Ne

Rubutun wannan mako zai ɓata wa wasu rai, mun sani, kuma mun shirya.

Makon jiya wata 'yar uwarmu ta saka babi na shida na labarinta a zauren nan. Ga wanda bai karanta ba: jarumin ɗan Katsina ne da ya tafi karatu Melbon ta ƙasar Ostiraliya, ya kama hayar ɗaki a gidan wani tsoho Bature mai dafa giyarsa a gareji. A babin, tsohon ya ɗora tukunya, saura minti 15 ya sauke sai ya watsa furen hof mai suna Galaxy, ya juye ruwan da zafinsa cikin jarka, ya toshe. Da gari ya waye ya buɗe, ƙamshi ya cika gida, ya sha kofi biyu ya fara tangaɗi, jaruminmu na gefe yana a'uziyya.

Nan take zaure ya rabu biyu. Wasu suka ce me ya kai 'yar Musulmi rubuta giya, a goge babin. Wasu suka ce a ƙyale ta, ai labari ne, wa zai tsaya bin diddigin yadda ake dafa barasa? Suna ganin faɗa suke yi da juna, alhali bakinsu ɗaya: duka sun yarda marubuci ba ya bukatar sanin abin da ya rubuta, muddin abin ƙyama ne. Da wannan muke rigima.

Giya haramun ce a Musulunci, ba mu sha, ba mu ce kowa ya sha ba. Amma kisan kai ma haramun ne, kuma babu littafin da muka taɓa yafe wa don ya sa bindiga mai harsashi shida ta yi harbi goma sha biyu. Kin ɗauki tsoho kin ce shekara ashirin yana wannan aiki, sannan kin sa shi ya yi abin da ɗan koyo na kwana uku ba zai yi ba. Ba giyar kika wulaƙanta ba, 'yar uwa, mutumin da kika gina da hannunki kika rushe.

Kuskuren farko babba ne, ba ma sai mun daɗe a kansa ba. Abin da ke cikin jarkar da safe ruwan tsiron sha'ir ne mai zaƙi, babu ɗigon barasa a ciki. Sai an juye shi a wani mazubi, an sa masa yis, an jira mako ɗaya ko biyu. Duk matar da ke dafa burukutu a ƙauyukan Maguzawa ta san dafaffen ruwan tsiro da aka toshe da zafinsa ba ya bugar da ko kaza. Kuma 'ya'yanta Hausa suke karantawa, kamar mu.

Na biyun ya fi siriri, ya kuma fi ba mu haushi, domin a nan ne labarin ya yi asarar dukiya.

Hof fure ne na wata ciyawa mai nannaɗo da ake nomawa a ƙasashe masu sanyi, irin su Jamus da Ingila da Amurka da kudancin Ostiraliya. Abu biyu yake bayarwa. Akwai wani sinadari mai danƙo da ba ya sakin ɗacinsa sai zafi ya daɗe yana dukansa. Akwai kuma mai mai ƙamshi, wanda shi zafi ke korarsa. Saboda haka agogo ne ke mulkin tukunyar. Yawanci awa guda ake tafasawa. Furen da ya shiga tun farko ɗaci zai bayar, ƙamshinsa ya bi tururi. Wanda ya shiga dab da saukewa ƙamshi zai bari, ɗacinsa kaɗan. Irin giyar da tsohon ke yi, wadda Turawa ke kira fel-el, mai launin zuma, duk martabarta a wurin masu ita tana kan wannan daidaito.

To amma wannan lissafi yana da sharaɗi: da an kashe wuta a sanyaya ruwan da gaggawa. Ana tsoma murɗaɗɗen bututun jan ƙarfe cikin tukunya, ruwan famfo na bi ta cikinsa yana kwashe zafi yana zubewa, har ruwan giyar ya sauko kusan digiri 20. Ruwan da ke tafiya a wannan aiki ya ninka giyar kanta sau da yawa. A shekarun 2000 Ostiraliya ta sha wani dogon fari wanda bai sake ta ba sai wajen 2010, birane irin su Melbon suka kafa dokokin taƙaita amfani da ruwa. A wannan zamani ne hanyar jarka ta yaɗu tsakanin masu dafa giyar gida a can. Mu kira ta hanyar bar-shi-ya-huce. A juye ruwan da zafinsa cikin jarkar roba mai jure zafi, wadda aka yi don abinci, a matse ta a fitar da iska, a toshe, a kwantar da ita a gefe don zafin ya kashe ƙwayoyin cuta a wuyanta da marfinta, a bar ta ta kwana.

Ga inda gizo ke saƙar. Wuta ta mutu, amma ɗaci bai daina fita ba. Sinadarin nan yana ci gaba da juyewa har sai zafi ya sauko ƙasa da digiri 80 ko kusa da haka, kuma lita 20 a cikin roba rufaffiya ba ta saurin hucewa. Kowane mai shayi ya san wannan. Ka bar ganye cikin filas tun asuba, da hantsi ka zuba wa baƙo, ka ga fuskarsa. Furen da tsohon ya watsa saura minti 15 zai yi aikin wanda ya shiga saura fiye da rabin awa. Kuma Galaxy ta zaɓa masa, furen Ostiraliya wanda sinadarin ɗacinsa ya kai ninki biyu na Cascade ta Amurka. Ƙamshin da ta ce ya cika gida ba zai samu ba. Abin da zai samu maɗaci ne ke masa sallama.

Tsoho na gaske ya san haka, don haka yana tura komai baya da kamar minti 20. Furen ɗaci da littafi ya ce saura minti 60, shi saura 40 yake sawa. Na saura 20 ba ya shiga tukunya sam, a gindin jarka yake zuba shi ya kwarara ruwan a kai. Na ƙamshi kuwa yana ajiye shi sai yis ya kusa gama aikinsa, ya zuba shi a ruwa mai sanyi na 'yan kwanaki, inda babu zafin da zai kore shi.

Masu cewa mai karatu bai san wannan ba, gaskiyarku, yawanci bai sani ba. Ba kuma mu ce a juye masa lissafin mintoci a labarin soyayya ba. Amma dubi abin da rashin binciken ya ɓoye wa marubuciyar. Me ya sa tsohon ke amfani da jarka? Ta gani a bidiyo ta kwafa, ba ta tambaya ba. Amsar ita ce fari. Mutum ne da ya rayu shekaru yana ƙirga ruwa. A gabansa kuma ga yaron da ya tashi a unguwar da ake jiran kurar 'yan ga-ruwa, a sayi jarka biyu a raba tsakanin girki da wanka da alwala. Babi shida tana neman abin da zai haɗa zukatan mutanen nan biyu, ta gwada ƙwallon ƙafa, ta gwada rashin lafiya, duk bai zauna ba. Abin yana nan a tsakiyar gareji, da marfi a kansa. Yaron bai bukatar taɓa kofi, bai bukatar yarda da abin da ke ciki. Ya isa ya tambaya, “Baba, me ya sa ba ka sanyaya shi?” tsohon ya ce ruwa, yaron ya yi shiru domin ya gane.

Ga masu neman a goge babin: idan kuna ganin bai dace a rubuta mashayi ba ko kaɗan, ku faɗa a fili, mu yi wannan muhawarar a wani makon, da hujja. Abin da ba za mu karɓa ba shi ne a ɗauki jahilci a sa masa rawanin tsoron Allah. Binciken da ya isa gyara babin nan karatun yamma ɗaya ne a waya, ba a shiga mashaya, ba a sansana komai.

'Yar uwa, kada ki goge. Ki mayar da agogon tsohon baya da minti 20, ki ba jarkar mako biyu kafin kowa ya yi tangaɗi, ki bar yaron ya yi tambayarsa. Ranar Juma'a muna son ganin babin a nan ƙarƙashin wannan rubutu.